Gaisuwar Baba a Gaban Likita

Babana tela ne a Babbar Kasuwa, kuma ban taɓa ganin mai son gaisuwa kamarsa ba. Daga gidanmu na Unguwar Kanawa zuwa bakin titi sai ya cinye rabin safiya yana tambayar mutane gida da gajiya. Mukan tsokane shi cewa ko cikin barci aka taɓa shi, "lafiya lau" zai ce.

Ciwon suga ya bar masa gyambo a ƙafa. Da zazzaɓi ya rufe shi, sai ya fara kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba, yana laluben almakashi a ƙarƙashin matashi. Da hantsi muka kai shi asibiti, ni da Baffa, wato yayansa.

Ɗakin karɓar marasa lafiya a cike yake. Likitar da ta karɓe mu ta ce tana zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa. Abu uku take dubawa a bakin gado, in ji ta: saurin numfashi, faɗuwar awon jini, da ruɗewar hankali. Wanda aka samu da biyu, ransa na cikin haɗari, ɗakin kulawa ta musamman za a wuce da shi. Mai ɗaya zai jira a ɗakin kowa.

Numfashin Baba na gudu. Awon jininsa bai faɗi ba tukuna. Saura hankali. Ta sunkuya ta ce, "Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya mutanen gida?"

Tsaf ya jero su, har da murmushi. Ta juyo ta tambaye mu ko ya yi wani surutu a gida. Na buɗe baki na fara zancen almakashi, Baffa ya galla mini harara, ya ce ƙaninsa da hankalinsa garau, zafin zazzaɓi ne ya sa shi mafarki. A waje ya ja ni gefe ya ce ba a tona asirin dattijo a gaban yarinya, so nake a ce tela ya zauce?

Aka kai shi ɗakin kowa. Kafin la'asar jininsa ya faɗi, aka yi ta guje-guje da ledar ƙarin ruwa da allurai. Washegari ya cika. Ban ce da an wuce da shi ɗaya ɗakin zai tashi ba, wannan sanin Allah ne. Amma an hana shi damar, kuma har yau ina jin haushin abin.

A zaman makoki ina daga cikin gida ina jiyo Baffa a zaure. Duk wanda ya zo sai ya ba shi labari, da alfahari, cewa marigayi bai ruɗe ba ko kaɗan, har ya tambayi likita mutanen gidanta. Jama'a na cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe.

Tun ranar ban ƙara zuwa gaishe da Baffa ba.