Ni da Surukina a Tsakiyar Rafi

Malam Edita, a shekarun da zan ba ka labarinsu ni saurayi ne, malamin firamare a Birnin Kudu, lokacin muna cikin jihar Kano, ba a daɗe da barin fam da sule ba. Kuɗin mai sun fara shigowa, an yi wa ma'aikata ƙari, kan kowa ya ɗau zafi. Abokaina suka sayi rediyo da babur. Ni kuwa abin da ya fi cinye ni shi ne ƙananan littattafan soyayyar nan da ake shimfiɗawa a bakin tasha. Na karanta su har na koma magana irin tasu. In na ga hadari ya haɗu sai in ce sama ce ke taya masoya kuka, abokai su ce in tashi in kwashe shanyata. A kowane littafi saurayi yakan iso ƙofar gidan budurwa a mota, ya fito a hankali, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. Saboda haka da wani ɗan kwangila ya sa tsohuwar motarsa a kasuwa, sai na saya, alhali ko ribas ban gama iyawa ba.

Akwai yarinyar da nake so a wani ƙauye kusa da Maruta, ta ƙasar Gwaram. A wurin sunan ɗan abokina na fara ganinta, ta zo da yayarta, kuma tun ranar nake kiranta tauraruwar asubahina, ita kuwa ta ce in riƙa cin abinci kafin in zo zance, ko na rage sambatu. Manyana sun je neman aure, amma mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dattijo ne mai shanu da gona, asalinsu Fulani, mai tsananin kunya da kawaici, wanda aka ce bai son yaro mai rawar kai. Saƙon da ya aiko shi ne in je in gai da ƙanensa, wato baffanta, a gan ni tukuna. Na san amsar aurena tana rataye da wannan tafiya. Sai na wanke mota, na sa babbar riga fara mai aiki, na zuba goro da sukari da garin sabulu a kujerar gefena, na kama hanya a tsakiyar damina, ina jin kaina kamar wanda aka rubuta a shafin ƙarshe.

Na wuce Gwaram, na bar burji na shiga hanyar ƙauye, sai na hango wani dattijo da malfa, sanda a kafaɗa, ɗaurin kanwar shanu a hannu, yana dawowa daga kasuwa. Ashe mahaifinta ne. Ba a wuce suruki a hanya, ba a kuma tsayawa a dubi idonsa. Na taka birki, na fito, na tuɓe takalma, na durƙusa a cikin ciyawa na gaishe shi. Ya juya fuska wajen wata bishiyar kuka ya amsa mata. Na ce wa ƙasa ko Baba zai taimaka ya shiga a ƙarasa da shi. Ya ce wa kukar ai ƙafa ma ta isa. Na ƙi tashi, shi kuma ya ga in ya tafi ya bar ni a durƙushe har tururuwa za ta gama da ni, sai ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya takure a lungu, ya ɗora kanwarsa a cinya. Na karkatar da madubi don kada idanunmu su haɗu, muka tafi.

Tsakaninmu da ƙauyen akwai rafi. Da rani na sha ƙetare shi a kan keke, yashi ne zalla. Ranar kuwa an yi ruwa a gabas, ya cika ya yi ja, yana tafe da kara da kumfa. Muna dosar mashigin sai na ji Baba ya yi gyaran murya. Na ɗauka ƙura ce. Ya sake yi, da ƙarfi. A raina na ce lallai dattijo ya yaba da tuƙina, kunya ce ta hana shi faɗa. Kuma a littattafaina ba a taɓa yin saurayin da ya tsaya a bakin ruwa ya naɗe wando ya gwada zurfi da kara ba. Gyaran murya na gaba har da ɗan buga sanda a ƙasan mota, ni kuwa na ɗauke shi a matsayin kirari, na taka totur, muka faɗa.

Ruwa ya taso ta kan murfin inji kamar an watsa shi da ƙwarya. Motar ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu daidai tsakiya. Sai shiru, in ban da ƙarar rafi. Malam Edita, ban san ko ka taɓa zama da surukinka a wuri ɗaya, ƙofa a rufe, ba na uku ba. Shirun nan ya fi ruwan ba ni tsoro. In na bar makulli, dole in waiwaya in yi masa magana, in ce Baba mu fita. In mun fita kuma dole in tattare riga in naɗe wando, ya ga ƙwaurina, ni ma in ga nasa. Saboda haka na murɗa makulli. Inji ya yi gurnani ya tsaya. Na sake murɗawa. Muddin yana gurnani, ina da abin yi, ba sai na yi magana ba. Haka na yi ta murɗawa ina gyaɗa kai kamar mai sauraron wani sirri a cikin injin, har na ji wani ƙwas daga ciki, kamar an karya ƙashi. Daga nan ko gurnanin ma ya daina.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya rufe idon sawu, ya hau gwiwa, ya zo ya zauna tare da mu a kujera. Takalmana suka taso suna yawo. Sukari ya narke, goro ya watse, garin sabulu kuma ya ga dama ta samu, ya tashi da kumfa har sitiyari. Ta wutsiyar ido na ga Baba ya ɗaga kanwarsa ya ɗora a kan malfa, ya miƙe wuya yana kallon wata gona ta taga, kamar dai gonar ya zo dubawa. Shi ba zai fara fita ba, kada a ce ya ji tsoro a gaban yaro. Ni ba zan fara fita ba, kada a ce na bar babba a ruwa. Muka zauna, kumfa na kewaya mu.

Allah ya kawo mata masu tallan nono suna dawowa gida, cikinsu har da kakar yarinyar, wato mahaifiyar Baba, tsohuwa mai baki kamar reza. Ta tsaya a gaɓa ta sauke ƙwaryarta, ta kare ido da hannu, ta tambaya ko angonta ne wannan ya zo yi mata wanki har da mota. Ta ce in wanka na kawo surukina ai da na bari a ɗora ruwan zafi. Sannan ta juya kan ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne, ta ce shi kuma mai malfa, da gemunsa da komai, ko jira yake kifi ya zo ya yi masa sallama. Sai a lokacin Baba ya buɗe ƙofa, ya fita ta hagu, ni na fita ta dama, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya, muka yi gaɓa kamar ba tare muka zo ba.

Shanun huɗar Baba aka kawo aka ɗaura wa motar igiya. Haka na shiga ƙauyen da na yi ta mafarkin shiga da mota: bijimai a gaba, ni a ciki ina riƙe da sitiyari ba takalmi, farar rigata ta koma kalar kunun kanwa, mutane na biye suna yi mini sannu da wanka. A littafi, budurwa takan ga masoyinta cikin wahala ta zub da hawaye masu kama da lu'ulu'u. Tawa ta leƙo ta kan danga, ta gan ni, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga baya, da na samu muka gaisa a gaban kakarta, ta ce a gidansu ko maraƙi ya san in Baba ya yi gyaran murya tsayawa ake yi, kuma ga shi can yana shan ruwan ɗumi don maƙogwaronsa ya kusa tsagewa saboda ni.

Washegari na aika Birnin Kudu aka zo da wani makanike, abokina ne tun muna yara, wanda ya yi ta dariya tun kafin ya sauka daga babur. An ajiye motar a ƙofar gidan, jikin zanan turakar Baba, ƙauye duka ya taru. Makaniken ya buɗe wurin da inji ke shaƙar iska, ya matse abin tacewar kamar tsumma. Ya kwance fulogi duka, ya ce a matsa, sannan ya sa ƙarfe ya juya injin da hannu da ƙyar. Baffan yarinyar, wanda shi ne aka ce zai duba hankalina, ya sunkuya don ya ga abin da ke cikin ramukan, sai ruwan rafi ya yi tsartuwa ya same shi a fuska, har hularsa ta faɗi. Da aka kwance ƙasan injin don a zubar da baƙin mai, sai ga shi ya fito fari, kauri kamar kindirmo. Kaka ta tafa hannu ta ce ashe angonta ba da hannu wofi ya zo ba, saniyar ƙarfe ya kawo, ga ta har ana tatsa, a sa ta cikin garke kawai.

Abokina ya saurari injin yana juya shi, fuskarsa ta canza. Ya ce da ruwan kawai ya sha, da an zubar, an busar, an sa sabon mai, in koma gida da yamma. Amma akwai sandar ƙarfe a ciki da ta lanƙwashe, sai an sauke injin an kai Kano, kuma hakan ba ya faruwa sai in an matsa masa ya tashi da ruwa a cikinsa. Ya tambaye ni, a gaban jama'a, ko na murɗa makulli bayan ta mutu. Na gyara tsayuwa na ce ɗan taɓawa dai na yi, sau ɗaya. Sai daga bayan zana muka ji gyaran murya. Wannan karon na gane. Na sunkuyar da kai na ce a gaskiya na yi ta murɗawa har sai da ta daina amsawa, don na rasa yadda zan yi in yi wa Baba magana. Wurin ya ɗauki dariya, ni kuwa na tabbata aure ya bi rafi.

Da la'asar baffa ya kira ni zaure, yana ta share kunne da bakin riga. Ya ce yayansa ya ce a gaya mini jakinsa ma yakan tsaya ya shinshina ruwa kafin ya sa ƙafa. Na ce haka ne, Baffa. Ya ce amma kuma ya ce bai taɓa ganin yaron da ruwa ya kai masa ƙugu bai ɗaga ido ya dubi babba ba, kuma da aka yi masa gyaran murya a kan ƙarya, ya janye ta nan take. Sannan wai shi ma yana da baki a motar nan bai yi amfani da shi ba, don haka wautar a raba ta biyu, kowa ya ɗauki rabonsa. An ba ni. Sharaɗi ɗaya ne: biki sai da rani, kuma amarya ba za ta shiga wannan motar ba ko da an gyara. Motar ta yi sauran daminar a ƙofar gidansu, kaji na ƙwai a kujerar da Baba ya zauna.

Yanzu da na yi furfura, abin da nake so in gaya wa masu karatu, musamman samari, guda biyu ne. In motarka ta mutu a cikin ruwa, cire hannunka daga makulli, ka fita, a jawo ta, a kira mai gyara; kowace murɗawa ƙara karya ta kake yi. Na biyun kuma ya fi na farkon. Kunya abu ne mai kyau, ita ta ba ni mata, amma da ruwan nan ya ƙara taku ɗaya, da ta kashe mutum biyu suna zaune cikin ladabi. In ka ga halaka, buɗe baki ka faɗa, ko gaban wa kake. Littattafan nan kuma a karanta don nishaɗi, amma a tuna wanda ya rubuta su bai san rafin garin surukanka ba. Baba ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, Allah ya jiƙansa, kuma har ya bar duniya bai taɓa yi mini magana ido da ido ba. Sai dai duk ranar da na ɗauke shi a mota, ko kwatamin ƙofar gida muka dosa, yakan yi gyaran murya, ni kuma in taka birki, in fita, in nemi kara.