Filashin da Baduku Ya Ɗinke

Aji biyu na yi a boko aka sallame ni, ko kuma na sallami kaina, ya danganta da wanda ka tambaya. Shi ya sa lokacin da nake bin motar shanu zuwa Kurmi, matata ba ta wahalar da kanta da wasiƙa. Kaset take cikawa ta ba direba. Guda ɗaya ya rage mini, wanda ta aiko shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiha. Faɗa ne tsantsa a ciki: jinkar rumbu ta ruɓe, akuyata ta ci waken maƙwabta, ni kuma ina can ina shan shayi. "Malam, in ka ga dama ka taho gida, gero dai ba shi jiran mai yawo." Can wajen ƙarshe ta ɗauka rikodar ta tsaya, sai ta kwashe da dariya ita da maƙwabciyarta. Dariyar nan nake jira duk sanda na kunna.

Da Shari'a ta zo, na tara kaset-kaset ɗin kiɗana na ƙone a ƙofar gida don unguwa ta shaida, ina kabbara fiye da liman, alhali biyu suna kwance cikin buhun dawa. Nata kuwa ban ma fito da shi ba. Faɗan mace ga mijinta ai ba kiɗa ba ne, wa'azi ne.

Bayan Allah ya karɓi abarsa, kaset ɗin ya zama abokin hirata, har rikodar ta mutu ita ma. Masu gyara duk sun koma gyaran waya. Ɗiyata ta ba ni tsohuwar wayarta ta shafawa, ta ce in sayi wani abu wai shi filash, a juye muryar a ciki.

Ranar kasuwar Shinkafi na sami mutumin da nake sayen kaset a wurinsa tun yana da gashi. Yanzu wayoyi da caja ne a teburinsa. Alhaji yake ce mini, alhali jirgin ƙasan Ƙaura kaɗai na taɓa hawa. Ya ɗora mini abin a tafin hannu.

Na ce, "Wanga ɗan abu? Ai ko ƙwarar gyaɗa ba ta shiga ciki."

"Alhaji, tafsirin azumi duka shina ɗauka."

"Tafsiri daban, matata daban. Kai ba ka san ta ba."

Iri biyu ya nuna mini: mai tsada na ƙarfe da baki ɗaya, da mai araha na roba da baki biyu, ɗaya na waya ɗaya na kwamfuta. Na girgiza kowanne a kunne kamar mai sayen ƙwan zabi. Ban ji komai ba, amma na gyaɗa kai irin na masana, na zaɓi mai arahar. Ya ce roba ce, ba ta son wahala, araha kuma ba ta ado. Na ce masa ba biki za ni ba.

A Ƙaura Namoda akwai wani mai kwamfuta da ke juye tsofaffin kaset ɗin wa'azi. Ya duba nawa ya ce zaren ya ruɓe, sau ɗaya zai iya jurewa. Haka kuwa aka yi. Ya juye har ƙarshe, da ya zo mayar da zaren baya na'urar ta tauna shi, ya fito kamar hanjin kaza. Ban damu ba, don na soka ɗan abin a waya, sai ga ta nan tana zagin akuya, tar, kamar tana bayan zana. A cikin mota har Zurmi ina riƙe da wayar a kunne, fasinja suna kallon tsoho yana murmushi ana masa faɗa.

Daga nan tsoro ya kama ni. Abu kamar tsinken sakace, aljihuna kuwa babu mai lafiya. Sau ɗaya ya faɗa cikin ƙaiƙayi, na yini ina rairaya. Mu kuwa a wurinmu, ƙaramin abu mai daraja wuri ɗaya ake kai shi: wajen baduku. Na tafi Moriki gun wani sa'ana da ya tsufa yana ɗinkin layu, na ce ya yi masa gida na fata da igiyar ratayawa.

"Wane malami ya ba ka?"

"Malamin Shinkafi. Kai dai yi aikinka, tsohon banza."

Murfi nake nufi, mai buɗewa da rufewa, amma ban faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba. Wa ya taɓa yi wa laya murfi? Muna ta hirar mutanen da suka rigaye mu, hannunsa yana abin da ya saba. Ya naɗe da jar fata jiƙaƙƙiya, ya ɗinke ta ko'ina, ya ɗora a kan gungume ya ɗauko 'yar gudumarsa don fatar ta kwanta. Ya buga sau ɗaya. Ni da bakina na ce, "Ƙara mashi, gefen ga bai kwanta ba." Ya ƙara. Sai muka ji ƙas.

Muka dubi juna. Ya ce, "Wata ƙila gungumen ne." Na ce ƙwarai, gungumen ne, ai ya tsufa.

Washegari na koma Ƙaura wajen mai kwamfuta ko ya rage wani abu a wurinsa. Ya ce cuta ta shiga kwamfutar, an wanke ta tas. Ya juya layar yana danne dariya, ya zaro reza.

"Baba, bari mu farke mu gani. In roba ce kawai ta tsage, za shi yi. In cikin ne ya karye, sai haƙuri."

Rezar ta taɓa zaren farko na fizge abina. Na ce masa ina da sauri, mota za ta bar ni, alhali ko fasinja ba ta fara ɗauka ba.

Yau layar tana nan a damtsena na hagu, fatar ta yi baƙi da gumi. Tun da hanya ta lalace da 'yan fashi, 'yan cikin mota kan hango ta su ce, "Baba, maganin bindiga ne?" In ce musu ba na sayarwa ba ne. In dai ban farke ba, ina iya cewa matata tana ciki, ta ɗan yi shiru ne tana jiran in yi wani laifin. In na farke, dole in sani. Reza kam na saya ba adadi da niyyar gobe, duk a gemuna suke ƙarewa.