Ranar da Sahun Baya Ya Koma Gaba

Tun ina yaro ƙafata ba ta jin kiɗa ta zauna lafiya. In masu kalangu suka sauka bakin mahauta a garinmu, ni ne farkon shiga fili. Da furfura ta zo aka fara ce mini Alhaji, sai na mayar da rawar kan babban yatsan ƙafata, shi yana motsi, fuska kuwa a murtuke kamar ta alƙali.

A haka na zo Kuala Lumpur a duba mini gwiwa, wajen ɗana da ke karatun zama dokta, ba na allura ba, na takarda. Shi da matarsa suna zaune a unguwar Taman Melati. Likita ya ce in riƙa tattaki da safe, kuma tattakin ne ya kai ni wani fili kusa da tashar jirgin ƙasa, inda na tsaya baki buɗe. Tsofaffi ne, akasari mata, 'yan Sin da Malay da Indiyawa, sun jeru sahu-sahu kamar za a ta da salla, kiɗan kaboyi na tashi daga lasifika mai taya, kowa na taka abu ɗaya. Ba mai taɓa wani, ba maroƙi, ba liƙi. Na ce wannan wace irin rawa ce marar riba?

Shugabarsu wata tsohuwa ce 'yar Sin, ta girme ni, da takalmin fata har ƙwauri. An ce tun tana budurwa take abin nan. Da mijinta ya rasu ma, tana gama makoki ta dawo fili. Ni kuwa silifas ne a ƙafata, yatsan nan ya tona ni.

"Ankul, boleh," in ji ta, wai zan iya.

Na shiga, amma da dabara irin ta manya: sahun ƙarshe, jikin shinge, inda ba mai ganina. Na yi makonni ina shan daɗina. In an tashi mu wuce shagon mamak, wato mai shayin Indiyawa, mu sha shayi da gurasarsu roti, su yi yarensu, ni in yi Turancina na wanda bai ƙarasa firamare ba.

Wata safiya aka haɗa mu da masu zuwa da yamma, za a koyi sabon taku. Fili ya cika. A gabana wata mai hijabi da takalmin gudu, ta iya ƙwarai, sai na kafa wa ƙafarta ido ina kwaikwayo, har ina ƙara nawa gishirin da kafaɗa. Abin da ba a gaya mini ba, wannan takun juyawa ake yi gaba ɗaya. Aka juya. Sai ga ni a gaban jama'a kamar liman, daga ni sai shinge. Na rikice na sake juyowa, muka yi ido huɗu da mai hijabin.

Matar ɗana ce. Yarinyar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga kai ta dube ni ba, sai a durƙushe take gaishe ni. Ashe ƙafar surukata nake bi tun ɗazu, ina karkaɗa kafaɗa.

Ta kalli ƙasa, na kalli sama, na ɗingisa na fice kamar gwiwar ce ta tashi. A gida ta kawo abinci ta durƙusa, na amsa gaisuwa ina duban bango. Na yanke wa kaina hukunci: ni da filin nan har abada. Yatsan ma na sa masa safa.

Ban san al'adar mutanen filin ba. A wurinsu wanda aka daina gani, to, ba shi da lafiya. Ranar Asabar aka buga ƙofa, ɗana ya buɗe, sai ga tsohuwar da mata cike da baranda, da kunun shinkafa da man zafi.

Ta yi ta zuba Turanci. Yaron ya juyo a hankali.

"Baba, wai ta ce duk filin ba mai kafaɗarka."

"Motsa jiki ne. Likita ya rubuta."

"Har da kafaɗa ya rubuta?"

Ana cikin haka, tsohuwar ta hango surukata a ƙofar kicin ta rungume ta, wai ga tauraruwar 'yan yamma. Yaron ya nemi kujera ya zauna. Shi ma ashe tattaki matar tasa ta ce masa tana zuwa.

Da baƙin suka tafi, surukata ta matso kusa da mijinta, kanta a ƙasa, ta yi magana yadda zan ji.

"Ka faɗa wa Baba ni da yamma kawai nake zuwa. Safiya tasa ce."

Na yi gyaran murya irin ta wanda bai ji komai ba.

"Kuma ka ce masa in an juya, da ƙafar hagu ake farawa."

Na duba a raina, gaskiyarta. Litinin na koma, sai dai yanzu tsakiyar sahu nake tsayawa.