Siririn Zaren da Ya Dawo Mini da Muryar Matata

Komai daɗewa ba zan manta da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ranar da na yi ta neman muryar matata a cikin rediyo.

Ni malamin makaranta ne a Keffi, kuma na daɗe ina harkar rediyon oba-oba, irin wanda masu lasisi suke magana da juna daga nesa. Wani dattijo a Sabon Gari, tsohon ma'aikacin sadarwa da muke kira Baba, shi ya koya mini. Nasa rediyon tsoho ne, mai nauyi kamar dutsen niƙa, sai ka riƙa murɗa maɓalli kana kasa kunne. Nawa kuwa sabon yayi ne, ɗan akwati da ake jonawa da kwamfuta. Manhaja ce take aikin, duk wanda yake magana kuma za ka ga alamarsa a allo kamar zare. Kullum tsokanarsa nake ya kai nasa gidan tarihi. A lokacin ina da cika baki, ban musa ba.

Matata ma'aikaciyar jinya ce, an tura ta aikin mako guda a asibitin wani ƙauye bayan duwatsu, a ranar ce za ta dawo. Da hantsi sai labari ya zo daga tasha cewa rafi ya ja mota a hanyar ƙauyen. Na kira wayarta har yatsana ya gaji, babu sabis. Ko tana cikin motar, babu wanda ya sani. Hankalina ya tashi, abinci ma na kasa ci.

Abu ɗaya ya rage mini. Mai kula da injin asibitin ɗan harkarmu ne, kuma mun saba haɗuwa ta rediyo ƙarfe huɗu na yamma a kan zango guda, wato lambar da kowa yake saita rediyonsa a kai.

Kafin huɗu aka ɗauke wuta, na kunna inbata, na'urar da take ba da wuta daga batir. Ina buɗe kwamfuta na ga allon ya cika da tarkace, a kunne kuma sai ƙara. Na taɓa nan, na taɓa can, babu canji. Na kira Baba. Ba a jima ba sai ga shi a kan acaɓa, ya rungume tsohon rediyonsa a cikin buhu.

Yana shigowa ya saurara kaɗan, ya ce, "Malam, kashe inbatan nan naka. Shi ke maka wannan ihun."

"Baba, in na kashe, batirin kwamfutar ba zai kai ko'ina ba."

"Kashe dai."

Na kashe. Ya jona nasa da batirin motata, muka mayar masa da wayar eriya. Ƙarar ta lafa, ya rufe ido yana kira, amma shiru. Huɗu da kwata ta wuce, ni kuwa har na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarta.

Sai Baba ya buɗe ido. "Rediyon mutumin can tsoho ne irin nawa, in ya yi zafi yakan zame daga zangonsa. Lalube zai ci mana lokaci. Duba mana da naka."

Muka sake mayar da eriya kan nawa. Allon ya yi fes wannan karon, kuma can sama kaɗan da inda muke jira na hango wani siririn zare yana ɓullowa yana ɓacewa. Ina gama karanta wa Baba lambar, kwamfutar ta mutu.

Ya karɓi eriyar, ya murɗa maɓallinsa a hankali har zuwa wurin. Ni ban ji komai ba sai shuu, shi kuwa ya ɗaga mini hannu. Mutuminmu ne, tun ɗazu yake kira. Bayan ɗan lokaci sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, lafiyata lau. Haihuwa ce ta tsare ni, ban shiga motar ba."

Ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba. Na yi kuka a gaban Baba, ban kuma ji kunya ba. Daga baya muka ji cewa mutanen motar ma an ceto su.

Har yau ana tambayata wanne ya fi, sabon ko tsohon. Nakan ce nawa ya gano inda take, na Baba ya jiyo ta, kuma da ɗaya ne kawai a ɗakin, da na kwana ban san ko matata tana raye ba. Tun ranar na daina raina abu don ya tsufa, na kuma daina yi wa Baba maganar gidan tarihi.