Waldar Bayan Zana

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato na ajiye aikin tafinta na dawo Gwandu da zama. Kafin nan na daɗe ina bin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ƙasashe, ina juya musu magana daga Faransanci ko Larabci ko Turanci zuwa Hausa, su sa hannu a takarda, ni in ci abincin otal ina marmarin tuwon shinkafa. Da na dawo, ban sami wurin hira da ya kai maƙerar kawuna ba. Kawu ya riga mu gidan gaskiya tun ina Jidda, ya bar matarsa da muke kira Inna da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ya gaji uwar maƙera da zuga-zugi, yana ƙera fartanya da lauje da gatari kamar yadda ya taras. Autan kuwa, wanda a lokacin ya doshi arba'in, ya je Sakkwato ya koyo walda, ya dawo da inji mai janareta ya kafa a gefen rumfar.

Su biyun taubasaina ne, don haka babu abin da ba ma faɗa wa juna. Babban ba ya kirana sai Bature. Ni kuma ina ce masa Rediyo, domin na zauna da Larabawan Masar da Zabarmawan Yamai, duk gwanayen zance, amma ban ga mai surutunsa ba. Yana dukan ƙarfe yana ba da labari, kuma abin da ya ji da hantsi kafin azahar ya isa tasha.

Abin da ya fitar da autan a wancan lokaci kwamin shayar da shanu ne. Da can na itace ake sassaƙawa, to manyan itatuwa sun yi wuya, kuma kwamin itace ba ya ɗaukuwa idan an tashi ƙaura. Wasu suna raba ganga biyu, ita ma ga nauyi ga kaifin baki. Shi sai ya riƙa yin nasa da fallen ƙarfe marar kauri, wanda mace ɗaya za ta ɗaga ta ɗora wa jaki. Wahalar irin wannan fallen ita ce wutar walda tana huda shi kafin ta haɗa shi. Masu walda daga Jega da Birnin Kebbi sun saya sun duba sun gwada, nasu ya fito duk ƙofofi, an toshe nan can ya ɓalle. Nasa kuwa ko ɗigo ba ya yi. Fulanin da ke wajen Maruda suka yi ta zuwa, wani ya gaya wa wani.

Ba wanda ya san yadda yake yi, har yayansa. Ya kewaye wurin aikinsa da zana, ya jingina tsofaffin kwanon rufi daga ciki saboda tartsatsi. In an tambaye shi sai ya ce hasken walda yana ɓata ido, tausayin masu wucewa yake ji. Babban yakan ce, “Ƙyaure da tagogi a fili yaka walda su, duk mu makance. In an zo ga kwami sai tausai ya kama shi.”

Rigimar ta taso ne da autan ya ce zai koma Kalgo. Yana da hujja. Sabuwar jiha ta sa motoci sun yawaita a mararrabar can, ga makiyayan fadama da na wajen Wurogauri, ga masunta masu neman a gyara musu kaya. Babban ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ɗauki injinsa, amma aikin kwami na gida ne, ba ya fita. Dalilinsa shi ne kalmasar da ake yi wa bakin fallen, a naɗe wannan cikin wancan kafin a haɗa, ta mahaifinsu ce, da ita yake yin bokiti tun ba a san walda ba. Autan ya ce kalmasa kowa ya iya, abin da ya sa kwaminsa ba ya yoyo daga kansa ya fito. Maganar ba ta fatar baki kawai ba ce. A al'adar maƙera, baƙo ba ya kafa rumfa a gari sai shugaban maƙeran wurin ya ji daga bakin babban gidansu cewa da yardarsa ya fito. In babban ya ƙi, autan zai iya zuwa Kalgo, amma zai zauna kamar wanda aka kora, ba mai ba shi wuri, ba mai zuwa sunan ɗansa.

Sun kai wata guda suna gaisuwa a tsaye. Wata ranar Laraba bayan la'asar na tarar da su kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, sai babban ya ce, “Bature, kai da kag gama duniya, gaya muna. Can inda kuka zuwa, in ɗa ya ɗauki aikin ubanai ya ƙara mai gishiri, na wa ne?”

Sai na ba su labarin abin da na gani. 'Yan shekaru kafin nan na raka wasu mutane wata masana'antar motoci a Jamus. Aka kai mu wani ɗaki, aka ba mu tabarau, muka leƙa ta gilashi. Falle biyu na ƙarfe, ɗaya ya fi ɗaya kauri, an kara bakinsu da juna. Wani haske siriri kamar zare, da suke kira leza, ya bi ta kan mahaɗar, ba hayaƙin kirki, ba duka. Kafin in gama fassara abin da injiniyan yake faɗa, fallen sun zama ɗaya. Da muka zauna shan shayi ya gaya mini cewa hasken ba shi ne abin jayayya ba, an daɗe da saninsa. Yadda suke riƙe fallen don kada zafi ya karkatar da su, a kan wannan ne suke neman takardar mallakar fasaha, wani kamfani kuma yana cewa ai tsohon abu ne. Masu ba da takardar suna tambaya ko sabo ne, kuma ko duk ƙwararren da ya zauna ya yi tunani zai iya kaiwa gare shi.

“To ka ji,” in ji autan. “Na Jega sun zamna, sun yi tunani, sun kasa.”

“Na Jega ba su da kai,” in ji babban.

Na ce su bari in ƙarasa, domin abin da ya fi ba ni mamaki yana gaba. A wurinmu mai sani ɓoyewa yake yi, ya gaya wa ɗansa a kunne, wani lokaci ma ya mutu da abinsa. Na ga haka wurin marina a Kano, na ga haka wurin masu haɗa turare a Omdurman. Su kuwa waɗannan ba a ba ka takardar sai ka bayyana komai filla-filla, yadda kowa zai karanta ya gane. Ladan bayyanawar shi ne a hana kowa taɓa aikinka har shekara ashirin. In wa'adi ya cika, ya zama na kowa.

Babban ya ajiye masaba. “Wato shi hwaɗi, a tsare mai.”

“Haka ne.”

“To ni mi nac ce? Uwa ɗaya uba ɗaya, ya kahwa min zana a tsakar rumfar ubana. In ya hita da abin da ban sani ba, in anka tambaye ni mi ɗan gidanmu ka yi, in ce mi?”

Autan bai ɗaga kai ba ya ce, “Yaya, in na gwada maka da sahe, kahin azahar direbobin Jega sun ji.”

Na yi dariya har na ƙware. Babban ya harare ni, sannan shi ma ya murmusa, domin ya san ba ƙarya aka yi masa ba. Daga nan ciniki ya buɗe. Autan zai nuna masa komai, shi kuma zai aika wa maƙeran Kalgo da yardarsa, ya kuma kama bakinsa. Na ce shekara ashirin, kamar na Turawa. Babban ya ce in kashe shi nake son yi in fito fili, ko azumi wata ɗaya ne. Ya ce kaka ɗaya. Autan ya ce kafin kaka ɗaya ko rumfa bai gama rufewa ba. Aka tsaya a kaka uku, aka raba goro, ni ne shaida.

Washegari da hantsi autan ya naɗe zanar. Ya yi kalmasa, babban yana tsaye yana cewa ta Baba ta fi wannan kwanciya. Sannan ya buɗe wani tsumma ya fito da wani ɗan faifan jan ƙarfe, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, an buge shi ya yi faɗi. Ya danna shi a bayan mahaɗar ya ɗaure da awartaki, ya riƙa ɗiga wuta kaɗan-kaɗan, nan da can, yana matsar da faifan. Ya ce jan ƙarfe yana shanye zafin kafin fallen ya huje, kuma narkakken ƙarfe ba ya manne masa. Shi ke nan, babu wani abu bayan wannan.

Babban ya jira faifan ya huce ya ɗauka yana juyawa. A gefe ɗaya akwai sauran zane, 'yan layuka masu kama da ƙayar kifi, waɗanda duka bai gama shafewa ba. Ya daɗe yana kallo. Ni ma na gane su, domin tun ina ƙarami nake ganinsu a ƙafar Inna.

“Wagga munduwar Inna ce,” in ji shi a hankali. “Ta aurenta.”

A lokacin na fahimci cewa zanar ba don mutanen Jega kaɗai aka kafa ta ba. Babban ya ɗaga murya ya kira Inna. Ta fito tana dogara sanda, ta dubi faifan, ta dubi 'ya'yanta.

“Ni nab ba shi,” ta ce. “Ya zo shina neman jan ƙarhe mai kauri, ya rasa. Ni kau na bar sa ta tun ƙahwahuna sunka hwara kumburi. Tana cikin tukunya tana tsatsar banza. Ko so kake in kai ta kabari?”

“Inna, jan ƙarhe ba ya tsatsa.”

“To kai da kas sani, mi ya hana ka yi wani abu da ita?”

Babban ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya juyo wurina yana nuna faifan. “Bature, rubuta wa Jamusawanka. Na ce na gida ne, anka ce ƙarya nikai. Kalmasa ta Baba, ƙarhe na Inna.” Autan ya ce, “Kai kuma ya zan nawa.” Babban ya ce wannan kam ya yarda, ko da yake bai san inda ya samo shi ba. Inna ta koma ciki ta fito da ɗaya munduwar, wadda ba a taɓa ba, ta miƙa wa babban don kada wani ya ce an yi son kai.

A makon nan aka aika Kalgo. Na raka autan ranar da ya tare, muka ɗora injin a bayan a-kori-kura, shugaban maƙeran can ya tarbe mu da fura, ya nuna masa wuri kusa da mararraba.

Abin da na fi tunawa shi ne shekarun da suka biyo baya. Ban taɓa ganin mutum ya wahala da riƙon amana kamar babban taubashina ba. Masu walda sukan zo takanas, su kawo masa goro, su yi ta kewaye-kewaye. Sai ka ga bakinsa yana motsi, ya dube ni, ya ɗauki masaba ya hau dukan ƙarfen da bai buƙaci duka ba. Bafulatani in ya zo neman kwami sai ya ce masa, “Tahi Kalgo, ka ce yayanai ya aiko ka.” Wani lokaci da muka rage mu biyu yakan ce, “Bature, bari in gaya maka kai, ko na ji sanyi.” In ce ai na sani, ina wurin. Ya ce duk da haka, zauna ka ji.

Da aka kai amfanin kaka ta uku gida, autan ya zo da kansa ranar kasuwar Gwandu. Rumfarsa ta kafu, har ya ƙara inji, kuma makiyaya sun riga sun san hanyar ƙofarsa. Ya gaida yayansa ya ce, “Yaya, na sallame ka.” Babban bai ko wanke hannu ba. Ya sa munduwar Inna a aljihu ya nufi kasuwa, muna biye da shi a baya. Ya fara daga 'yan tireda, ya bi ta rumfar mahauta, ya ƙare a tasha, kowane wuri yana ɗaga munduwar yana bayani, har da abin da ba a yi ba. Kafin watan ya ƙare Inna ta aiko a gaya masa ya isa haka, ƙawayenta sun dame ta da ƙara, wai 'ya'yansu masu walda sun hana tukwanensu sakat da neman tsofaffin mundaye.