Fim ɗin Yukren a Taron Manoman Wake

Ban taɓa mantawa da wata Laraba da aka tura ni nuna majigi a wani ƙauye da ke bayan Dawakin Tofa ba. An gama girbi, a shekarar da yaƙin Yukren ya ɓarke. Ni malamin gona ne, lokacin ina mataki na takwas. Aikin ranar ƙarami ne: in nuna bidiyon yadda ake adana wake a buhu mai leda a ciki, sannan in rubuta sunan kowa da yawan abin da ya noma, don a san buhu nawa za a kawo masa. A aikinmu wannan takardar ce shaidar ka je.

Shugabar sashenmu, Hajiya Binta, ita ta zaro filashin kwamfuta daga jakarta ta ba ni, wai bidiyon yana ciki. Ban duba ba. Ashe na 'yarta Zainab ne, wadda ke karatun likita a Yukren, yaƙi ya koro ta gida.

Aka ba mu aji ɗaya a firamare, aka toshe tagogi da tabarmi, aka tayar da janareto. Dagaci da kansila suna gaba. Na gama rubuta sunaye, na ga fayil mai hoton zangarniya, na danna.

Sai ga gonar alkama, ba kala, ba magana. Wani tsoho ya tsaya yana kallon doki, dokin yana kallonsa. Aka kai minti biyar a haka.

Dagaci ya juyo ya ce, "Malam Habu, ina waken?"

Da na ce kuskure aka yi, da shi ke nan. Amma ina jiran ƙarin girma, ga kansila zaune. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, shimfiɗa ce. Ana nuna mana amfanin takin dabbobi."

Can wata mata ta jera kwanuka wayam a tsakiyar gona, dusar ƙanƙara tana zuba a cikinsu. Na ce hodar ƙwari ce. Daga nan sai ga wasu maza da dogayen riguna, ɗaya riƙe da littafi, suna bin gida gida, suna soka ƙarfe a ƙasa, suna kwashe buhuna zuwa amalanke, mata na ihu. Na ce, "Waɗannan misalin ƙwari ne, haka suke cinye hatsi."

Wani dattijo mai suna Baba Sale ya ce, "Ƙwari ba sa riƙe littafi. Waɗannan ma'aikata ne."

Gaba ɗaya aka juyo ana kallon takardar da ke gabana. Kafin in kashe majigin, ajin ya watse. Takardar ma wani ya yi gaba da ita.

Ranar Juma'a dagaci ya kira Hajiya a waya. Ya ce mutane sun haƙa ramuka sun binne wake da gero don tsoron za a zo a kwashe, wasu har a bakin fadama inda ƙasa ke da danshi. Wani ya loda nasa a kura ya kai gidan surukansa a Makoɗa. Idan aka ƙara mako guda, abincin shekara zai ruɓe a ƙasa. Hajiya ta ba ni takardar tuhuma, ta ce in amsa kafin Litinin.

Ta ce, "Habu, an nuna maka yunwa, ka ce taki ne?"

Na ce, "Hajiya, dokin ne ya ruɗa ni."

Washegari muka koma, da ita da Zainab. Na fara miƙewa na ce duk fassarar da na yi ƙarya ce, ban san fim ɗin ba. Sannan Zainab ta yi bayani. Ta ce tarihin Yukren ne, kusan shekara casa'in baya, lokacin da hukumar zamanin ta ƙwace hatsin manoma, mutane suka mutu da yunwa a ƙasa mai albarkar noma. Matar da ta ba ta hayar ɗaki a can ce ta ba ta fim ɗin, domin kakarta ta ga abin da idonta.

Baba Sale ya ce, "To a mayar mana daga farko, amma malam ya yi shiru."

Awa biyu muka yi. A ƙarshe tsohon cikin fim ɗin ya shiga gona shi kaɗai yana watsa iri, alhali babu komai a hannunsa. Ba wanda ya yi dariya. Baba Sale ya tambayi Zainab, "'Yata, yanzu kuma jikokinsu ne ake yaƙa?" Ta ce eh.

Ran nan aka tono hatsin, aka shanya. Ranar Litinin ina ofis ina rubuta amsar tuhuma, sai ga mai babur da buhun gero, an rubuta "Yukren" da gawayi a jikinsa. Saƙon ƙauyen ne, wai in kai wa matar da ta ba Zainab haya. Na rubuta wa Hajiya neman umarni, ta amsa da "Ka yi abin da ya dace." Mai kula da sito ya ce ba zai karɓa ba, ba shi da gurbin kayan ƙasar waje. Buhun ya yi mako uku a gefen teburina.

Daga ƙarshe Zainab ta samu matar a kiran bidiyo, tana gudun hijira a wata ƙasar. Muka juya mata buhun ta ga rubutun. Ta daɗe tana share hawaye, sannan ta ce a ci a madadinta. Aka dama kunu aka raba wa masu jinya a asibitin garin.

Ƙarin girman ya wuce ni a shekarar. Amma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku riƙe abin da na koya. Kada ka nuna wa jama'a abin da ba ka kalla ba, idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun yana ƙarami. Manomi bai san yaren Yukren ba, bai taɓa ganin dusar ƙanƙara a gona ba, amma ya riga ni gane fim ɗin, don ya san abin da ake ji idan baƙo ya tsaya a bakin rumbu yana rubutu.