Sallamar Baba Yero

Tare muka koyi dukanci da Gwadabe a Dala, amma shi komai ya taɓa sai ya yi albarka. Abin yana ci mini rai.

Bara ya ƙyalla ido a kan soron Baba Yero na bakin Ƙofar Mazugal, wanda na daɗe ina kwaɗayin buɗe shago a ciki. Kunnen tsohon ya yi nauyi. Da Gwadabe ya taya soron, Baba ya ɗauka gaishe shi ake yi, ya ce, "Ai na amsa sallama." Dillalin da ke tsakani ya yi caraf ya ce, "Ya sallama!"

Ni na zuga 'ya'yan tsohon har gaban alƙali, na kuma ba da shaida. Alƙali ya ce babu ciniki sai da yarda, kuma wanda bai ji tayi ba bai yarda ba. Nan take ya warware cinikin.

Gwadabe bai yi musu ba. Ya durƙusa, ya kai baki kunnen tsohon, ya nemi gafara. Baba ya ce, "Ɗana, zauna a soron kyauta."

Kullum ta nan nake wucewa, ina ɗaga murya ina sallama. Har yau Baba bai taɓa jin tawa ba.